Maki Goma Sha Takwas Kafin Disamba ta Ƙare

Shinkafi,
6 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Kaka Magaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna Saratu da sauran mutanen gida. Mu nan alhamdu lillahi. Zazzaɓin da ya kama 'yata Nafisa ya sauka, har ta koma ɓarnarta. Maigidan yana gaishe ka.

Na san abin da za ka fara faɗa: jikar yayanka ba ta tuna da kai sai buƙata ta taso. To, ta taso ɗin. Wata guda ke nan da aka ɗauke sabis ɗin waya, shi ya sa ka ga na koma alƙalami kamar zamaninku.

Ka san aikina na gashin ƙashi ba a yin sa sai da lasisi, lasisin kuma duk shekara ake sabunta shi. Hukumarmu ba ta sabunta wa kowa sai ya kawo maki talatin na ƙarin ilimi, wato ya halarci tarukan bita, kowace bita da makinta. Ina da goma sha biyu tun farkon shekara. Sauran goma sha takwas ɗin na yi niyyar samunsu ta intanet, ina zaune a ɗakina, sai ga abin da ya faru. Idan Disamba ta ƙare ban cika ba, lasisina ya mutu. Shugaban asibitinmu ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa daga ranar ba zai bar ni in taɓa majinyaci ba, don doka ba ta ba shi dama ba. Kaka, ni kaɗai ce a sashen. Mutum arba'in da ɗaya ke hannuna, yawancinsu masu shanyewar ɓarin jiki. In na tsaya, kwaɗo za a sa wa ƙofar.

Ga abin da nake so. An ce sabis ya dawo a Gusau. Ka samu mai zuwa can ya shiga shagon kwamfuta, a buga masa jerin masu ba da bita waɗanda hukuma ta amince da su. Na rubuta adireshin shafin a bayan takardar nan. Ba kowace bita ake ƙirgawa ba, sai ta wanda sunansa ke cikin jerin. In na gan shi zan san inda zan nufa.

Umaru direba zai kawo maka wannan, shi ne kuma zai dawo da amsa. In ka yi mini wannan aikin, zan daina gaya wa mutane cewa Inna Saratu ce ke riƙe da gidan.

Jikarka,
Kubra

Ƙaura Namoda,
14 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga amaryata da ta gudu Shinkafi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, ta iske mu lafiya. Saratu na fama da haƙori, ta kwana biyu ba ta yi mini faɗa ba, har gidan ya fara ba ni tsoro. A shafa mini kan Nafisa.

Na karanta sau biyu, da tabarau da kuma babu. Shekara talatin da biyar na yi ina akawu a tashar jirgin ƙasa, don haka ba ni za a koya wa darajar takarda ba. Na taɓa tsayar da tarago shida na gyaɗa yini guda saboda hannu ɗaya da ba a sa ba.

To, saurari yadda Allah ke sauƙaƙa wa bawansa. Na fita neman mai zuwa Gusau, sai na tsaya shagon magani in saya wa Saratu na haƙori. A jikin bangon sai ga sanarwa da manyan baƙaƙe: bita ta kwana uku ga ma'aikatan lafiya, kan jinyar masu shanyewar jiki, nan cikin Ƙaura, daga ashirin da uku zuwa ashirin da biyar ga Nuwamba. Wa ke shiryawa? Sufyanu, ɗan marigayi Liman Ahmad. Ke ba ki san Liman ba, amma tare muka yi karatu da shi a zauren mahaifina, tabarma ɗaya. Sufyanu kuwa ina wurin aka raɗa mashi suna.

Na tafi ofishinsa. Yaron kirki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Ya buɗe kamfani na horas da ma'aikata, ya kama babban ɗakin taro kusa da kwalejin fasaha. Ya nuna mini irin satifiket ɗin da zai bayar. Kubra, takarda ce mai kauri kamar fatar ganga, da hatimi ruwan zinariya, da wani jan zare yana reto. Wadda aka ba ni ranar ritaya, in aka ajiye su tare, sai a ɗauka ta ƙunshin ƙosai ce.

Na sa ya rubuta sunanki a layin farko. Na gaya wa mutanen masallacinmu cewa jikata likita za ta zo ƙarin ilimi, har Shehu mai shayi na tambaya ko za ki duba mashi kafaɗa. Maganar Gusau na ajiye ta. Mi za a je nema a can, ga abu a ƙofar gida, a hannun ɗan gida?

Sai ki shirya. Ɗakin baƙi na nan, an share.

Mijinki na fari,
Magaji

Ƙaura Namoda,
30 ga Oktoba, 2021

Kubra,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. An cire haƙorin Saratu, bakinta ya dawo aiki.

Yau kwana goma sha shida da na aika miki da albishir, ban ji ko tari daga Shinkafi ba. Kullum in na taso daga sallar la'asar sai na bi ta tashar mota, har 'yan kamasho sun fara tambayata ko sabon aiki na samu. Umaru ban gan shi ba.

Na zauna na yi lissafi iri-iri. Ko dai ba ki da lafiya, wanda Allah ya kiyaye. Ko kuwa bitar Ƙaura ta yi miki ƙanƙanta, ke sai ta manyan birane inda ake shan shayi da ƙaramin cokali. In haka ne, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan mutu ba. Sai dai ki sani na sa bakina a gaban mutane. Sufyanu ya aiko sau biyu yana tambaya ko kina nan tafe, ni kuwa ina ta ce mashi hanya ce.

Wagga takarda zan ba wani mai motar hatsi. In ta same ki, ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Kakanki,
Magaji

Shinkafi,
3 ga Nuwamba, 2021

Kaka,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, haka kowa a gidan. A yi wa Inna sannu.

Wallahi tun ranar sha bakwai na ba ka amsa. Umaru ya taso da ita, bai yi nisa ba aka ce hanya ba kyau, 'yan bindiga sun tare, suka juyo. Tun daga ranar ya jingine motar, takardata tana kwance a aljihun gaba. Jiya da taka ta biyu ta zo na je na same shi, ya ciro ta duk ta sha man inji. Don Allah ka daina zargina da ƙaramin cokali. Ni da nake shan koko a tsaye tsakanin majinyata biyu.

Na gode da wahalar da ka yi, na kuma ji daɗin yadda ka sa ni a layin farko. Amma ka yi haƙuri da abin da zan tambaya. Sunan kamfanin Malam Sufyanu yana cikin jerin hukuma? Duk wanda aka amince masa akwai lambar da ake ba shi, kuma lambar nan ce ke fitowa a jikin satifiket. In babu ita, hukuma ba ta duba kaurin takarda ko kyan hatimi. Wata abokiyar karatuna ta yi bitar kwana biyar bara, ta aika da satifiket mai kyan gaske, aka dawo mata da shi ba maki ko ɗaya.

Ka duba lissafina. Shugaba sau ɗaya zai sake ni in bar sashen na kwana uku. In na kashe kwanakin a bitar da ba a ƙirgawa, ba ni da wasu, kuma Disamba na bakin ƙofa.

Na san nauyin abin da nake ɗora maka. Ɗan amininka ne, ya durƙusa maka, yanzu a ce ka koma ka ce ya nuna takarda. In ba za ka iya ba, ban ga laifinka ba. Amma ba zan taso ba sai na ga lamba. Ina kuma nan a kan roƙona na farko, a buga mini jerin nan.

Jikarka mai taurin kai,
Kubra

Ƙaura Namoda,
10 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga mai taurin kai,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Muna lafiya, in ban da ƙugu da ya sha kujerar mota. Ki gyara zama, wagga tana da tsawo.

Da na karanta takardarki raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na ce wa Saratu, "Ji ɗiyar nan, wai in je in caje ɗan Liman kamar ɗan sumoga." Ta ce, "To kai da ka tsare gyaɗar mutane yini guda fa?" Na tashi na fita zaure.

A zauren ne na tuna wani abu. Ina yaro, wani baƙon malami ya sauka wurin mahaifina, da jaki biyu na littattafai da rawani kamar kwandon auduga. Ya nemi a ba shi gefe ya riƙa karantarwa. Baba ya ciyar da shi kwana uku bai ce komai ba. A na huɗu ya ce, "Malam, a hannun wa ka karanta? Shi kuma a hannun wa? Wa ya ba ka ijaza?" Ijaza, in kin manta, ita ce izinin da malami ke ba ɗalibinsa ya karantar da abin da ya karanta a gabansa. Baƙon ya kira suna ɗaya, ya kira na biyu, a na uku sai tari ya sarƙe shi. Baba ya ce, "Ba komai, zauna mu yi karatu tare." Littattafan baƙon nan Baba ko buɗe su bai yi ba. Ashe abin da hukumarku ke yi ke nan, sai dai ita da lamba take yi. Ni ɗan gidan da ake wagga tambaya, ni ne jan zare ya ruɗa.

Ran Juma'a bayan an sauko na tafi wurin Sufyanu. Na sha shayinsa, na tambayi iyali, sannan na ce, "Sufyanu, wa ya ba ka izini?" Ya ɗauko takardar rajistar kamfani. Na ce na gani. Ya ɗauko hotunansa da manyan mutane. Na ce sun yi kyau, lamba nake tambaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mun nema, tana hanya." Na ce tun yaushe? Ya ce tun bara. Na ce lallai hanyar ta fi ta Shinkafi lalacewa.

Ran Litinin na hau mota da kaina zuwa Gusau. Aka buga mini jerin, shafi huɗu. Na bi shi da yatsa tun daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa zuwa sama ko ya ɓuya. Ba Sufyanu. A duk abin da ke kusa da mu suna ɗaya ne: kwamitin ilimi na ƙungiyarku ta masu gashin ƙashi, ƙarƙashin wata Dakta Karima, ga lambarta a gefe.

Na neme ta a asibitin da take aiki. Na bi layi da majinyata a kan benci, awa uku. Da na shiga ta ce, "Sannu Baba, ina ne ke ciwo?" Na ce, "Mutuncina, 'yar nan." Na kwashe labari na gaya mata. Ta ce bitarsu ta gaba sai Fabrairu, a Gusau. Na ce kafin Fabrairu an rufe sashen jikata. Sai ta ce za ta iya kai bita wani gari in an cika sharaɗi uku: masu lasisi aƙalla shida, ɗakin taro, da sanar da hukuma sati biyu kafin ranar. Na ƙirga a yatsu, saura kwana goma sha biyar. Sai ta ce, "Hanyar fa, Baba?" Na ce ni zan zo in ɗauke ki, in zauna gaban mota. Duk wanda ya leƙo ya ga tsoho mai haƙori bakwai ya san ba a ɗauko abin kirki ba. Ta yi dariya har ta cire tabarau. A gabana ta rubuta wa hukuma.

Saura babban aiki. Ɗakin taro na hannun Sufyanu, masu lasisin ma suna cikin rajistarsa, su bakwai har da ke, da wani Ashraf daga Zurmi. Da na so, da na tsaya ƙofar masallaci na faɗi abin da na gani a Gusau, kafin magariba kowa ya janye. Amma ɗan Liman ne, kuma ban ga mugunta a tare da shi ba, gaggawa na gani.

Na same shi shi kaɗai. Na ce, "Ka tuna abin da mahaifinka ke yi in babban malami ya sauka garin nan daga Sakkwato?" Ya ce ya tuna. Na ce faɗa mini. Ya ce, "Yakan tashi daga buzunsa ya ba baƙon, shi ya koma cikin ɗalibai." Na ce, "Ka taɓa jin wanda ya ce Liman ya ragu?" Ya ce a'a, ranar ma aka fi cika zauren. Na ce to babbar malama na tafe ran ashirin da uku, kai ne mai masaukinta.

Can ya ce, "Sunana zai fito a takardar?" Na ce zai fito, a ƙasa, wurin mai masauki. Lamba kuwa tata ce. Ya ce, "Baba, a yi haka."

Ga jerin nan na haɗo miki, duk shafi huɗun. Na ja layi ƙarƙashin lambar Dakta Karima. Ta ce kwana ukun maki goma sha biyar ne. Yanzu sai ki taso ko?

Kakanki,
Magaji

Shinkafi,
14 ga Nuwamba, 2021

Kaka,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Ka riƙa sa ruwan ɗumi a ƙugun nan, kar ka bari kowa ya taka maka shi.

Na karanta takardarka a sashe, sai da na shiga bayan labule na goge ido. Awa uku a kan benci! Allah ya saka maka da alheri, ya ji ƙan Liman. Na ga lambar, ina nan tafe ran ashirin da biyu in Allah ya yarda. Shugaba ya sa hannu.

Sai dai akawu, ka sake lissafi. Sha biyu da sha biyar, ashirin da bakwai ke nan. Saura uku. Kar ka sake hawa mota, wannan nawa ne. A ƙasan shafi na huɗu an rubuta cewa wanda ya gabatar da darasi a bitar da aka amince da ita yana da ƙarin maki uku. Na rubuta wa Dakta Karima ina neman ta ba ni awa ɗaya. Ga takardar nan a ciki, ka ba mai zuwa Gusau.

Abin da zan yi magana a kai shi ne yadda nake koya wa 'yan uwan majinyata su yi musu motsa jiki a gida, tunda mutanen ƙauye irin na Katuru yanzu sai su yi wata ba su samu shigowa ba. Ba mu da injuna, da abin da ke tsakar gida muke yi. Ban taɓa tsayawa gaban taro ba. Sharaɗina ɗaya: kar ka zauna a gaba kana kallona ta saman tabarau.

Jikarka,
Kubra

Ƙaura Namoda,
29 ga Nuwamba, 2021

Amaryata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa lafiya kin iske Nafisa da mahaifinta lafiya. Mu nan ƙalau. An ce sabis ya dawo, tun jiya wayar Saratu ke kuka. Ni dai alƙalami na ɗauka, don abin da zan faɗa ba na waya ba ne.

Da na raka ki tasha ba abin da na ce miki sai cewa takalminki ya tsufa. Kin san mu, ba mu iya yabon namu a gaban idonsa ba. To yanzu ba ki gabana.

Ba ki ga farkon ranar farko ba, kina can kuna rajista. Ni na gani. Da motarmu ta tsaya, Sufyanu da kansa ya buɗe wa Dakta Karima ƙofa, ya ɗauki jakarta. Da aka zauna ya tashi ya ce wa jama'a, "Ni na tara ku, amma ga mai izini." Ya koma layi na uku ya buɗe littafin rubutu. Sai na ga kamar Liman ne zaune. Na duƙa ina neman wani abu a aljihu wanda ban ajiye ba.

A rana ta uku na cika alkawari, na zauna can baya kusa da randar ruwa. Kika fito riƙe da tabarya da igiyar guga da carbi, mutane suka fara murmushi. Muryarki ta yi rawa, na ji, har na fara karanta abin da ya sawwaƙa. Sai kika kira wata ma'aikaciya kika zaunar da ita, kika ɗaure mata hannu ɗaya a jikin tabarya, kika nuna yadda hannu mai lafiya ke ɗaga maras lafiya. Kika rataya igiya a ƙofa kika nuna yadda ake jan kafaɗa. Kika ce tsohuwar da yatsunta suka sandare ba za ta matsa ƙwallon roba sau ɗari ba, amma ba sai an roƙe ta ta ja carbi ba. Daga nan ban ƙara jin rawar murya ba, kuma ban ƙara ganin mai murmushi ba, kowa rubutu yake.

Da Ashraf na Zurmi ya ce, "In ɗan uwan ya yi kuskure ya ji wa majinyaci ciwo fa?" na ce a raina yau ga ranar da zan yi faɗa a bainar jama'a. Sai kika ce shi ya sa ba kya sallamar kowa sai ya yi a gabanki sau uku, kuma kina zana musu iyakar da hannu zai kai a jikin bango da gawayi. Ya ce zai gwada a Zurmi. A hanyarmu ta komawa Gusau Dakta Karima ta tambaye ni, "Baba, wa ya koya mata wannan?" Na ce gado ne. Ƙarya na yi, a gidanmu ba wanda ya taɓa tunanin tabarya na da wani aiki bayan daka.

Na ga satifiket biyun da idona, sha biyar da uku, lamba a jikin kowanne. Takardar ba kauri, hatimin ma na tawada ne. Ki aika wa hukuma yau, kar ki jira gobe. Ba a gama ba sai sun amsa.

Shehu mai shayi ya ce kafaɗar ta yi sauƙi.

Kakanki,
Magaji

Shinkafi,
3 ga Janairu, 2022

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Muna lafiya.

Tun biyu ga Disamba na aika. Sati huɗu ina duba waya kamar mai jiran haihuwa. Ran Laraba shugaba ya kira ni ya ce in fara rubuta wa majinyata takardar tura su Gusau, ko da za a yi. Na rubuta goma sha ɗaya, na ajiye alƙalami. Ran Alhamis, talatin ga wata, ana kiran azahar saƙon ya shigo. An sabunta lasisin.

Yau Litinin na buɗe sashe ƙarfe takwas, na ga mutum goma sha tara. Takardun nan sha ɗaya na yaga su. Ga kwafin lasisin na sa maka a ciki. Na kira wayar Inna sau uku in gaya maka, ka ce a ce mini sai ka ga takarda. To ga ta.

Jikarka,
Kubra

Ƙaura Namoda,
6 ga Janairu, 2022

Likita,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, Saratu ta yi guɗa har maƙwabta sun leƙo.

Kwafin ya iso jiya. Saratu ta ce in kira ki nan take, na ce a dakata. Na sa hula na tafi shagon kwamfuta na bakin kasuwa, na ce a buɗe mini jerin masu lasisi na bana. Mai shagon ya ce, "Baba, jikarka ce fa." Na ce ɗan Liman ma na tambaye shi. Ya nuna mini a gilashi, na ce ban iya karatun gilashi ba, a buga a takarda.

Na aza kwafinki a hagu, takardar hukuma a dama, na bi su da yatsa lamba bayan lamba. Ba wadda ta saɓa. Ga suna nan a shafi na tara: Kubra Shehu, Shinkafi.

To, yanzu na taya ki murna.

Kakanki,
Magaji